Ɗigon 'Yar Tela

Duk wanda ya taɓa gangarawa ta layin da ya bi bayan tashar mota zuwa bakin ruwa ya san wata taga mai faɗi wadda ba a taɓa rataya mata labule ba. A bayan tagar akwai dogon tebur, a kan teburin akwai sanda kwance bisa 'yan katakai biyu masu baki, a gefen sandar kuma akwai mace a sunkuye, da farin fensir a hannunta. Ita ce mutanen layin suke kira Mai Ɗigo. Mijinta shi kaɗai ne ba ya kiran ta haka. Shi 'Yar Tela yake ce mata, tun tana amarya har ta yi furfura, ita kuma ta ce masa Malam, ko da yake bai taɓa koyar da kowa komai ba sai gardama.

Sana'arsu gyara sandunan fatsa da yi musu ado. Sanda takan zo musu tsura daga wajen mai shagon kayan kamun kifi, baƙa wuluk, mai santsi, da kauri a gindi da siranta a kai, babu mariƙi, babu zobban da igiya ke bi ta ciki. Malam ne yake sa mata mariƙi, ya ɗaura zobban, sannan ya zo kan abin da ake zuwa wajensa dominsa: adon zare a saman mariƙin. Zare ya hau yana nannaɗe sandar, ya juyo ya sauko, duk inda na hawa ya gitta na sauka sai a sami mahaɗa. A yi ta ƙara zare kala-kala a gefen juna har kowace mahaɗa ta buɗe ta zama ido mai kusurwa huɗu. Idon kifi suke ce wa wannan ado.

To amma zare bai san hanya ba, sai an nuna masa inda zai gitta. Wannan shi ne aikinta. Za ta kafa gindin sandar a kan tebur, ta tallafe kan da tafin hannu, ta ɗan lanƙwasa ta tana mirginawa har sandar ta yi tsalle ta zauna a gefen da take so. Nan ne ƙashin bayanta, kowace sanda kuma da nata. Sai ta kwantar da ita ta juya ta sannu a hankali har hasken taga ya kwanta a bayanta ya yi layi fari tas daga gindi zuwa kai. Dalilin rashin labulen ke nan. A kan layin hasken take jera ɗigo. Ta zagaya sandar da siririn tsagin takarda, ta ninke shi biyu don ta gano tsakiyar ɗaya gefen, can ma ta jera. Kuma tunda sanda tana tsukewa ne tana tafiya, tazarar ɗigon ma dole ta riƙa tsukewa, in ba haka ba idon da ke ƙasa ya yi ƙiba, na sama ya yi tsawo kamar wanda aka ja wa kunne. Fensirin nata in ya kama jikin sanda ba ya fita sai da danshi.

Daga nan sai zare ya bi ta kai ya rufe komai, a shafa man sheƙi, shi ke nan. Masu saye su zo, yawancinsu irin waɗanda ke zuwa bakin ruwa ran hutu su wuni ba su kama ko ɗan ƙaramin kifi ba, su ɗaga sanda su juya ta a haske su ce, "Kai, Malam, hannunka akwai albarka!" Malam ya gyara murya ya karɓi yabon duka, ko ɓarɓashi ba ya ragewa. Ita kuma tana can ƙarshen tebur tana feƙe fensir. Ba wanda ya taɓa sayen ɗigo.

Yadda ta shiga sana'ar abin dariya ne. Ubanta tela ne, ta taso tana riƙe masa bakin awo, tana ganin yadda yake ɗiga alli a kan yadi kafin almakashi ya taɓa shi. Da aka kawo ta gidan Malam, ta tarar da mutum mai yatsun da zare ke yi wa biyayya amma ba shi da haƙurin awo ko na sisin kwabo. Da ido yake yi. Adon ya fara kyau a gindi, kafin ya kai sama ya zame gefe kamar hanyar mashayi. Ta yi ta kallo tana haɗiye magana, don amarya ce. Wata safiya da ya fita sayen gam, ta ɗauko guntun allin da ta taho da shi daga shagon ubanta, ta jera wa wata sanda ɗigo daga ƙasa har sama.

Ya dawo ya tsaya a kan sandar. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta daga gindi. Ya koma ya leƙa daga kai. Duk inda ya duba, layi ya miƙe sambal. Namiji kuwa, ka san hali, sai ka tatsi bijimin sa ka sami nono kafin ka ji ya ce matarsa ta fi shi iya wani abu. Sai ya lashi babban yatsansa na dama, ya zaɓi wani ɗigo a tsakiya wanda bai yi wa kowa laifi ba, ya goge shi.

"Wannan ya karkace, 'Yar Tela."

Ta dube shi, ta dubi gurbin. Ta ɗauki allin ta mayar da ɗigon a daidai inda yake, ko gashi ba ta matsar ba.

Ya sake leƙawa. Ya ce, "Yauwa. Yanzu kika yi aiki."

Daga ranar abin ya zama musu kamar gaisuwa. Kowace sanda ta gama, sai ya zo ya leƙa, ya lashi yatsa, ya goge ɗaya, ya ce ya karkace. Ta mayar da shi inda yake, ya ce yauwa. Ya san ba ta matsar ba, ta san ya sani. Wata rana ta yi murmushi, wata rana in ta tashi da ciwon baya ta ce, "Wannan yatsa naka, Malam, wata rana sai na ɗiga masa barkono." Ya ce, "Ɗiga, amma ki ɗiga daidai." Da haka suka yi ɗaki, suka ƙara ɗaki, suka haifi 'ya'ya, wasu suka koma, ɗaya ta tsaya, wadda suke ce wa Auta, ta yi karatu ta yi aure a babban birni mai nisa.

Sau ɗaya tak aka tsallake wannan gaisuwa. Lokacin da ubanta tela ya rasu, ta koma bakin aiki tun idonta bai washe ba, don zama haka nan yana neman haukata ta. Ta jera ɗigo hawaye na rufe mata gani. Malam ya zo ya leƙa kamar kullum, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ɗauki sandar ya tafi da ita gefensa bai ce komai ba, bai lashi yatsa ba. Ya wuni a kanta yana lallaɓa zare, yana tura wannan da farce, yana ja da wancan baya. Sai daga baya, da ta ga tsagin takardar da ta yi awo da shi, ta gane ta ninke shi a karkace, layin baya duka ya zame. Sandar ta fita lafiya lau, ba wanda ya gane. Bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba, har ta manta.

Shekaru suka tura. Ran nan da hantsi yana tsakiyar ɗaura jan zare, sai ta ji ƙwaryar zaren ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur tana warwarewa. Ta ce, "Malam, tsufa ne ko ganganci?" Ta ɗaga kai ta ga bakinsa ya koma gefe guda, hannunsa na dama yana lilo kamar ba nasa ba.

A asibiti suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama, ya tafi da magana. Suka riƙe shi, suka yi masa gashi, suka sallame shi da magunguna da nasihar a yi haƙuri. Da farko yana ci, ko da a ƙyamace. Har wata rana ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa: ta ga kamar ya ɗan yi ƙarfi, sai ta tallafo shi ta zaunar da shi a kujerarsa ta aiki, ta ɗora masa ƙwaryar zare a cinya, wai ko zai ji daɗi. Ya kalli hannunsa na dama, ya kalle shi, hannu ya ƙi motsi. Ya kai na hagu ya kama bakin zaren, zaren ya sulluɓe. Ya sake kamawa, ya sake sulluɓewa. Sai ya ture ƙwaryar ta faɗi ƙasa.

Da yamma ta kawo masa abinci, ya datse haƙora. Washegari ma haka. Ruwa kawai yake bari ta ɗiga masa da cokali, shi ma rabi ya bi ta gefen baki. Daga baya ruwan ma ya fara kau da kai.

Ta mayar da shi wajen likita a motar haya, tana riƙe da kansa a kafaɗarta. Likitan ya duba maƙogwaro, ya duba ido, ya ja ta gefe ya ce, "Mama, haɗiya yana iyawa. Ba ya so ne. In ya ci gaba a haka, sai dai mu ba shi gado mu zura masa roba ta hanci. In kuwa aka bar shi, ba zai kai ko'ina ba, gaskiya ke nan."

Ta san mijinta. Mutumin da ko hula ba ya yarda wani ya gyara masa, shi za a ɗaure a gado a zura wa roba? Da hannun hagun nan zai fizge ta, in suka ɗaure hannun ya mutu don haushi. Ta tabbata in ya shiga asibitin nan a haka, a kwance za a fito da shi. Abu ɗaya ne ya rage tsakaninsa da kabari, ya buɗe baki da kansa, kuma ita kaɗai ce za ta sa shi.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta dafa romon kaza, ta dafa na kifi, ta dama madara da zuma, ta jiƙa burodi a shayi. Ta roƙe shi don Allah don Annabi. Ta yi masa faɗa, ta ce masa matsoraci, ta ce ashe duk cika bakin nan na banza ne. Ta kara masa waya a kunne jikokinsa suna ta kiran Kaka, Kaka. Ta durƙusa a gaban gadon, ita da ba ta taɓa durƙusa masa ba ko ranar da aka kawo ta, ta kama ƙafarsa tana kuka tana cewa, "Malam, in ka tafi wa ka bar ni da shi? Cokali ɗaya. Don girman zaman da muka yi, cokali ɗaya." Ya zuba wa silin ido kamar da bango take magana. Maƙwabta suka yi ta shigowa da shawarwari, kowa likita ne in ciwon ba a gidansa yake ba. Wata ta ce a toshe masa hanci zai buɗe baki. Mai Ɗigo ta raka ta har ƙofa ta rufe.

Kullum sai ta ga ya ragu. Wuyansa ya zama kamar kan sanda, leɓɓansa suka tsattsage, idanunsa suka faɗa. Takan ɗauke kwanon da ya huce ta kai kicin, ta jingina da bango, ta toshe bakinta da gefen zane don kada ya ji. Tsoro take ji, ga kuma haushinsa, ga haushin kanta da ta ɗora masa zaren nan a cinya.

Da dabara ta ƙare mata, sai wata ta faɗo mata tana cikin shara a ɗakin aiki. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana ce wa miƙaƙƙen ɗigo ya karkace, ina ga ya ga karkatacce na gaske? Ai ko a kabari yake sai ya taso. In dai ta sa ransa ya motsa, ko da don haushi ne, to ya dawo duniya, wanda ya dawo duniya kuwa zai ji yunwa.

Ta roƙi maƙwabta maza suka ɗauko gadon suka kawo ɗakin aiki, suka manna shi da tebur ta yadda sandar za ta kwanta dab da fuskarsa. Ta tokare masa baya da matasai. Ta ɗauko sanda tsura cikin waɗanda mai shago ya kawo tun kafin ciwon, ta jera ɗigo, da ta zo tsakiya sai ta kauce da ɗaya gefe, kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani. Hannunta bai saba da ƙarya ba. Ta matsa baya tana satar kallonsa.

Ya gani. Ta ga ƙwayar idonsa ta bi layin ta tsaya cak a wurin. Ya daɗe a kai. Sannan ya lumshe ido.

Ta ce a ranta ƙila ya yi ƙanƙanta. Washegari ta kauce da uku, sosai. Ya duba, ya ɗago ido ya dube ta, wani irin kallo da ba ta gane ba, ya lumshe. Ta ƙara. Ta daina neman ƙashin baya, ta daina jiran haske, ta riƙa watsa ɗigo a jikin sanda kamar kashin ƙuda, tana yi tana magana da ƙarfi: "Kai, yau aiki ya yi kyau! Dubi yadda ya miƙe, Malam. Ko akwai gyara?" Har ta ɗauki zarensa, ita da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta nannaɗa a kan karkatattun ɗigon, aka sami wani abu mai kama da ragar da ɓera ya ci. Ta kai masa har hanci. Wannan karon da ƙyar ya ja jikinsa da hannun hagu ya juya fuskarsa bango, ta ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Garin neman ƙiba ta samo rama. Ran nan ko ɗigon ruwa bai karɓa ba.

Ana cikin haka Auta ta iso, da jakarta da kumburarrun idanu. Ta ga ubanta ta fashe da kuka. Da ta share hawaye ta juya, sai idonta ya faɗa kan sandunan da ke jingine a kusurwa. Yarinyar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin nan ta san yadda ɗigon uwarta yake. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗauki wadda aka nannaɗa wa zare, sannan ta ja uwar zuwa kicin.

"Umma, mene ne wannan? Idonki ne, ko me?"

"Idona ƙalau. Da gangan na yi."

"Da gangan? Baba na mutuwa kina wasa da fensir?"

"Ba wasa ba ne, Auta. So nake ya ji haushi ya tanka."

"To ya tanka?"

Mai Ɗigo ta girgiza kai.

Auta ta kama hannuwanta biyu, ta sassauta murya, irin sassautawar da ake yi wa wanda ake zaton kansa ya fara taɓuwa, wadda ta fi zagi ciwo. "Umma, kin yi iya ƙoƙarinki, wallahi kin yi. Kin gaji ne. Na yi magana da baban yara, ya samo gado a babban asibiti can wajenmu. Gobe da safe mota za ta zo. Ke ma ki haɗa kayanki, ba zan bar ki a nan ke kaɗai ba."

"Za su sa masa roba."

"Su sa mana! Ya fi mu zuba ido muna kallo."

"Ba ki san ubanki ba."

"Na san dai ba ya ci, Umma. Ke kina da wata dabarar da ta rage?"

Ba ta da ita. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ta gyaɗa kai kawai, ta je ta fara ninke masa riguna.

Da gari ya waye, Auta na can ɗaki tana ɗaure kaya, Mai Ɗigo ta shiga ɗakin aiki da kofin shayi mai madara, don hannunta ya saba kawowa ko da ta san ba za a sha ba. Ta ajiye shi a gefen tebur. Malam na kwance ido rufe, numfashinsa sama-sama. Ta jiƙa tsumma ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya tana goge ƙazantar da ta yi musu, ta warware zaren nan na kunya, don a mayar wa mai shago kayansa yadda ya kawo. Ta ƙarshe tana kan katakan tana bushewa, sai rana ta haura rufin gidan da ke tsallaken layi, haske ya shigo ta taga ya kwanta a bayan sandar, fari tas.

Ta tsaya tana kallo. Ta san ba za ta sake ganin wannan haske a wannan tebur ba. Sai ta ji ba za ta iya barin ɗakin nan ba alhali abin da hannunta ya yi na ƙarshe a cikinsa ƙarya ne. Ba don shi ba, ta riga ta sallama shi. Don kanta, da tsohon telan da ya koya mata.

Ta ɗaga sandar ta lanƙwasa, ta mirgina har ta yi tsalle ta zauna. Ta kwantar, ta juya har haske ya hau ƙashin bayan. Ta feƙe fensir. Ta yaga tsagin takarda ta ninke shi baki da baki. Ta fara daga gindi, ɗigo, ta matsa, ɗigo, tazara na tsukewa a hankali yadda sandar ke tsukewa. Ba ta saci kallon kowa ba, ba ta yi magana ba, ta ma manta akwai mutum a ɗakin. Da ta kai na ƙarshe ta rufe ido ɗaya ta leƙa daga gindi. Layi ya miƙe, babu abin da za a ce masa.

Sai ta ji motsi a kan zanen gado.

Idonsa a buɗe yake, yana kan sandar. Hannunsa na hagu ya lallaɓa ya kamo wuyan na dama, yana jan sa sama kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ya kai ƙirji ya huta. Ya sake ja har babban yatsan ya taɓa leɓensa. Ta ƙame a tsaye, fensir a hannu. Ya tura mataccen hannun da mai rai, ya ɗora yatsan a kan wani ɗigo na tsakiya wanda bai yi wa kowa laifi ba. Maƙogwaronsa ya yi wani ƙara, bakin da ya karkace ya yi ta kokawa, abin da ya fito bai wuce "kace" ba, wutsiyar "ya karkace" ɗinsa.

Nan take ranar rasuwar ubanta ta dawo mata, da sandar da ya ɗauke bai ce komai ba. Wayyo ita, wauta! Mutumin nan bai taɓa goge karkataccen ɗigo ba tunda suke. In ta yi daidai ne yake tsokanar ta. In ta kauce da gaske, shiru yake yi ya rufa mata asiri da zare. Ita kuwa ta yi kwana da kwanaki tana jera masa ɓarna a gaban ido, tana nuna masa matarsa ta lalace, shi kuma ba shi da hannun da zai rufe mata.

Ya goga yatsan. Ɗigon bai fita ba. Ya sake gogawa, yana nan fari ƙal. Ya ja hannun ya mayar baki, ya fito da harshe, harshen a bushe kamar fata. Babu yawu ko kaɗan. Ya sake gwadawa, yatsa ya dawo a bushe. Ta ga haushi ya taso masa a ido, haushin nan nasa na da, wanda ta yi kewarsa kamar ta mutu.

Ta ajiye fensir. Ta ɗauki kofin da hannu biyu don kada ya zube, ta daidaita muryarta da ƙyar.

"Ba ya fita da busasshen yatsa, Malam, kai ma ka sani. In za ka gyara mini, jiƙa bakinka."

Ya dubi kofin. Ya dube ta. Ya dubi ɗigon da ke zaune a wurinsa yana yi masa gwalo. A waje mota ta tsaya ta yi ham.

Ya buɗe baki.

Ta kafa masa kofin. Ya kurɓa, ya ƙware, ya yi tari, rabi ya zubo a wuyan riga, ya sake kurɓa ya haɗiye, tana kallon maƙogwaron yana hawa yana sauka. Ya kau da kai, ya ja hannun, ya lashi yatsa, ya ɗora. Ɗigon ya fita, ya bar ɗan farin shafe a jikin sandar. Ta ɗauki fensir, hawaye na ɗiga a kan tebur, ta share ido da bayan hannu don wannan karon ba ta son kuskure, ta mayar da ɗigon daidai inda yake. Ya daɗe yana dubawa. Iska ta fito masa ta hanci da wani ɗan gurnani, ba kalma ba ce, amma ta san "yauwa" ɗinsa ce.

Auta na tsaye a bakin ƙofa da jaka a kowane hannu, baki buɗe. Mota ta sake yin ham.

"Umma, direba..."

"Ce masa ya kashe motar, ya shigo ya sha ruwa. Sannan ki ɗora mini romon nan a wuta."

Ta juyo ta tarar idon Malam ya bar teburin ya koma kusurwa, inda sauran sandunan ke jingine tsura. Ta ɗauko ɗaya ta riƙe a inda zai gan ta amma ba zai kai ba, ta miƙa masa kofin da ɗaya hannun.

"Akwai saura da yawa, kuma duk a karkace zan yi su, ka san halina," ta ce. "Shanye tukuna."